Ƙaramin rami, ko a cire turmin in huta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 34. Turmina na ƙasa ta ɓangaren dama ya daɗe da yin kogo. Da farko sai na kurɓi abu mai sanyi yake tsira min, daga baya ya koma tayar da ni cikin dare. Na je wajen likitan haƙori, ya ɗauki hoto, ya ce ruɓar ta kai dab da jijiya, mai yiwuwa sai an yi wankin saiwa, wato a kwashe jijiyar duka a wanke cikin saiwar a cike ta. Gabana ya faɗi, domin an taɓa yi wa yayata irin wannan aiki, bayan shekara biyu haƙorin ya tsage tana cikin cin abinci, ƙarshenta cire shi aka yi. Na ga bidiyo a waya ana cewa yanzu akwai sabuwar hanya, ɗan mitsitsin rami kawai ake hudawa, haƙorin ba ya rauni. Da na yi wa likitan maganar sai ya ce ba zai yi min alkawarin girman rami ba sai ya buɗe ya gani. Sai na ji kamar bai iya ba ne. Na sayi antibayotik na sha, kwanan nan ciwon ya lafa. In haƙura tunda ya daina, ko in nemi mai yin ƙaramin ramin, ko a cire kawai in huta?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa tayarwa tsakar dare ya san ba ƙaramar wuya kika sha ba. Zan fara da abin da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato lafawar ciwon, domin shi ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙar taki.

Kogon haƙori ba ya cikewa da kansa. A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan gurbi mai ɗauke da tsoka mai laushi, cike da jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini, kuma daga gurbin nan take zurarawa ta wasu siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Idan ƙwayoyin cuta suka matso kusa da ita sai ta kumbura, ga shi ba ta da inda za ta buɗa, domin abu mai tauri ne ya kewaye ta ta ko'ina. Zugin da ya hana ki barci daga nan yake. To, lafawarsa na iya nufin kumburin ya ɗan sauka, jijiyar na nan da ranta. Yana kuma iya nufin ta fara mutuwa, matacciyar jijiya kuwa ba ta jin zafi. In haka ne, ƙwayoyin cutar ba su je ko'ina ba, sun ma samu wurin zama ne da jini ba ya shiga, daga nan su gangara su fita ta bakin saiwa su auka wa ƙashin muƙamuƙi. Wata safiya sai ki tashi da kunci a kumbure. Antibayotik ɗin da kika sha ta jini yake bi, inda jini ba ya zuwa shi ma ba ya zuwa. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 da ke cewa yawancin ciwon jijiyar haƙori a jikin babba mai ƙoshin lafiya ba antibayotik yake bukata ba, aikin hannun likita yake bukata. Ana ajiye maganin ne sai cutar ta fara bazuwa a jiki, kamar a ga zazzaɓi da kasala. Don Allah kada ki ƙara saya da kanki. Kuma idan kika ga kumburi yana hawa wajen ido ko yana sauka ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya da numfashi suka fara yi miki wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa, wannan ba na jiran gobe ba ne, asibiti za ki nufa a lokacin.

Saboda haka zancen haƙura a ajiye shi gefe. Ki koma wajen likita cikin makon nan, kuma dalilin gaggawar yana da alaƙa da abin da kike nema ke kanki, wato a yi aikin ba tare da an ɓarnata haƙorin ba.

Bidiyon da kika gani ya nuna miki ɓangare ɗaya ne na wani sauyi na gaske da ya shigo aikin haƙori, kuma ba ɓangaren da ya fi muhimmanci ba ne. Babban sauyin shi ne likitoci sun rage gaggawar kwashe jijiya gaba ɗaya. Tun 1965 wani bincike na Kakehashi da abokan aikinsa ya nuna abin mamaki: sun buɗe jijiyar haƙoran ɓeraye iri biyu, na farko masu ƙwayoyin cuta a baki kamar kowace dabba, na biyu waɗanda aka raina a inda babu ƙwayar cuta ko ɗaya. Jijiyar na farkon ta ruɓe, ta na biyun kuwa ta warke, har ta gina sabon shinge ta rufe kanta. Wato jijiyar haƙori tana da ƙarfin warkewa muddin an raba ta da ƙwayoyin cuta. A 1978 wani likita a Suwidin, Miomir Cvek, ya bayar da rahoton haƙoran gaba guda 60 da suka karye har jijiya ta bayyana; ya yanke kimanin milimita 2 kawai daga samanta ya rufe, kashi 96 cikin 100 suka warke. Sannan a farkon shekarun 1990 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Kalifoniya ya samar da wani irin siminti da ake kira MTA, wanda ke ƙamewa ko da akwai danshi, yana toshe wuri sosai, kuma jijiya ba ta ƙyamarsa. Bayansa wasu irinsa sun biyo, kamar Biodentine. Da waɗannan kayan aiki abin ya tashi daga haƙoran yara da suka faɗi suka karye, ya zo kan turamen manya masu kogo irin naki. Ƙungiyar ƙwararrun aikin saiwar haƙori ta Turai ta fitar da matsayarta a 2019, ta Amurka kuma a 2021, dukkansu suna ƙarfafa a yi ƙoƙarin barin jijiya da ranta a inda hakan zai yiwu.

Ga yadda abin ke gudana a kujerar likita. Idan kogo ya yi zurfi amma jijiyar ba ta ƙazanta ba, likita zai iya share gefe-gefen ramin tas, ya bar ɗan siririn abin da ke dab da jijiya don kada ya huda ta, ya rufe da ciko mai kyau. Ƙwayoyin cutar da aka toshe wa hanyar abinci ba sa ci gaba da ɓarna. Idan kuwa ta riga ta buɗu, sai ya dubi fuskarta da madubin ƙara girma. Yakan yanke saman da ya lalace, ya ɗora 'yar auduga da aka jiƙa da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya jira 'yan mintoci, sannan ya ɗaga ya duba. Jini ja mai haske da ya tsaya da kansa, tsoka kuma a haɗe tana sheƙi, alama ce ta lafiya, sai ya shimfiɗa simintin ya rufe. In jinin ya ƙi tsayawa, sai ya ƙara nitsawa, har ya iya kwashe duk jijiyar da ke cikin gurbin sama ya bar ta cikin saiwoyi. In can ma bai tsaya ba, ko ya tarar da wuri a bushe babu jini, ko mugunya na ɓulɓulowa, to babu sauran abin ceto, sai wankin saiwa cikakke.

Kin ga ke nan dalilin da likitanki ya ce sai ya buɗe ya gani. Hoto yana nuna zurfin rami da halin ƙashi, gwajin sanyi da ɗan ƙwanƙwasa haƙori suna ƙara haske, amma hukuncin ƙarshe yana wajen abin da ido ya gani bayan an buɗe. Ni a wajena maganar da ya faɗa miki ta mai gaskiya ce. Wanda zan ji tsoro shi ne mai yi miki alkawarin girman rami tun bai taɓa haƙorin ba.

Ba zan ɓoye miki ba, ciwon da ke tasowa da kansa cikin dare yana nuna kumburin ya yi nisa, don haka ki je da shirin cewa mai yiwuwa wankin saiwa za a yi. Duk da haka akwai haƙora masu irin wannan alama da aka ceci jijiyar saiwarsu ta hanyar kwashe ta sama kaɗai, sai dai wannan hanya ba ta kai wankin saiwa daɗewa ana bibiyar sakamakonta ba. Ki tambaye shi ko yana ganin naki zai karɓi hakan. Abin da nake so ki riƙe shi ne, wannan dama ta mai rayayyar jijiya ce kawai. Kowane mako da kika ƙara a gida kina jiran ciwon ya dawo, damar ce ke raguwa.

Yanzu ga maganar ramin. A da, siraran zartunan da ake zurawa cikin saiwa don kankare hanyoyinta na baƙin ƙarfe ne mai tauri, ba sa lanƙwasuwa sosai, don haka dole a faɗaɗa ƙofa domin su shiga a miƙe. Daga 1988 aka fara gwada na haɗin nikel da titaniyom, masu bin lanƙwasar saiwa ba tare da sun ci bangonta da yawa ba. Ga madubin aiki mai ƙara girma da haske, ga hoton CBCT mai nuna haƙori ta kowane gefe. Da waɗannan ya zama ba sai an yi wawakeken rami ba. A 2010 likitoci biyu a Amurka, David Clark da John Khademi, suka ja hankalin abokan aikinsu kan wuyan haƙori, wato wajen milimita 4 sama da bakin ƙashi da wajen 4 ƙasa da shi, suka ce nan ne ƙarfin tauna ke bi ya sauka cikin saiwa, kuma abin da aka cire a nan babu cikon da zai maye gurbinsa. Wannan magana ce mai kyau, kuma ta gyara aikin mutane da yawa.

Sai dai wasu sun kai abin maƙura, har ya zama gasar wa ya fi ƙaramin rami, irin wanda ke ƙayatarwa a bidiyo. A nan nake da ja. Manufar wankin saiwa ita ce a fitar da ƙwayoyin cuta daga kowace hanya da ke cikin haƙorin. Turmi irin naki na ƙasa yawanci saiwa biyu gare shi, da hanyoyi uku ko huɗu, wasu bakinsu bai fi kaurin gashi ba. Turmin sama na farko ma ya yi suna wajen ɓoye hanya ta huɗu. Hanya ɗaya da aka tsallake ta isa ta dawo da cutar bayan watanni ko shekaru. Ƙuntatacciyar ƙofa tana rage gani, tana iya barin ragowar ruɓaɓɓiyar tsoka a lungunan gurbin, tana kuma tilasta wa zarto lanƙwasar da kan sa ya karye a ciki. Ruwan wankin ma, wanda shi ke narkar da ragowar tsoka ya kashe ƙwayoyin cuta a inda zarto ba ya taɓawa, yana bukatar sararin da zai isa ƙasa ya zagaya. Gwaje-gwajen da aka yi kan cirarrun haƙora don a ga ko mitsitsin rami na hana tsagewa sun saɓa wa juna, wasu sun ga bambanci, wasu ba su gani ba. Ƙwararre mai madubi da isasshen lokaci zai iya yin aiki mai tsabta ta ƙaramar ƙofa. Wanda ba shi da waɗannan, in ya kwaikwaya, ke zai cutar. Ramin da ya dace shi ne mafi ƙanƙantar da zai bar likitan ya ga dukkan hanyoyin ya wanke su tas, ko da ya fi na bidiyo faɗi.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya faɗa. Haƙoran da ake nunawa galibi ba su da babban kogo. Naki kuwa ruɓa ta riga ta buɗe ƙofarta, kuma duk abin da ya ruɓe a bangon ramin dole ya fita. Likita mai lura yakan bi ta cikin kogon nan ne ya isa jijiya, don kada ya sake huda lafiyayyen wuri. Wannan ma tattali ne, ko da ba ya kyan hoto.

Mu zo kan yayarki, Allah ya ƙara mata lafiya, domin na ga abin da ya same ta shi ke riƙe miki ƙafa. A 1989 Reeh da Messer da Douglas sun auna ƙarfin haƙora a ɗakin gwaji. Duk matakan wankin saiwa a haɗe sun rage taurin haƙori da kashi 5 cikin 100 kacal. Amma ramin da ya cinye gefen gaba da gefen baya na haƙorin ya ratsa ta sama, shi kaɗai ya rage shi da kashi 63. Kamar ɗaki ne: hujin rufi ba ya kayar da shi, rushewar bango biyu ce ke sa sauran su buɗe. Yawancin haƙoran da ake yi wa wankin saiwa kuwa ruɓa ta riga ta cinye musu bango ɗaya ko biyu tun kafin su zo hannun likita. Shi ya sa turmin da aka gama wa aiki yake bukatar abin da zai ɗaure tsinayensa wuri ɗaya, ko hula cikakkiya, ko rabin hula da ke rufe saman kawai ba tare da an fere kewayen duka ba. Aquilino da Caplan sun bibiyi irin waɗannan haƙora da aka yi wa aiki a Jami'ar Iowa, suka wallafa a 2002 cewa waɗanda ba a sa wa hula ba an rasa su ninki 6 na waɗanda aka sa wa. Ki tambayi yayar taki ko an sa mata hula bayan aikin. Mutane da yawa da zarar ciwo ya tafi sai su ɗauka an gama, su ci gaba da tauna a kan cikon wucin gadi har ranar da za su ji ƙas. Ga turmi, aikin bai ƙare ba sai an rufe shi rufi na dindindin, kuma gara cikin makonni kaɗan, domin ciko mai yoyo yana mayar da ƙwayoyin cuta cikin saiwar da aka sha wahalar wankewa. In an ambaci dasa ɗan sanda cikin saiwa, ki sani ba ya ƙara wa saiwa ƙarfi, amfaninsa riƙe ciko ne idan saman haƙorin ya ƙare, kuma turame da yawa ba sa bukatarsa.

Cirewa fa? Akwai inda ita ce daidai: saiwa ta tsage a tsaye, ko ruɓa ta nitse ƙarƙashin dasashi har ba abin da hula za ta kama, ko ƙashin da ke riƙe haƙorin ya zaizaye ƙwarai. In ba haka ba, ban ba ki shawarar ta ba, balle kina da shekara 34. Gurbin turmi ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙashin wurin yana motsewa, musamman a watannin farko, na kusa sukan karkato, na sama kuma ya zazzago tunda ya rasa abokin haɗuwa. Cike gurbin daga baya yana nufin ko a fere lafiyayyun haƙora biyu don a ɗora gada, ko a huda ƙashi a dasa na ƙarfe. Mai gudun a taɓa haƙori da yawa bai kamata ya fara da wannan ba.

Idan kin koma, ki je da tambayoyinki, ba rashin kunya ba ne, bakinki ne. Ki ce ya sake gwada ko jijiyar na da rai, tunda yanayin ciwon ya sauya, kuma ki gaya masa sunan maganin da kika sha da tsawon lokacin da kika yi kina sha. Ki tambaye shi ko yana amfani da shimfiɗar robar nan da ake maƙala wa haƙori don ta raba shi da miyau. A kan wannan kada ki sassauta. Wani likita a birnin New York, Sanford Barnum, ya ƙirƙiro ta tun 1864, ba sabon abu ba ce, kuma ita ke hana miyau mai ɗauke da ƙwayoyin cuta komawa inda ake wankewa, ta kuma hana ruwan wanki ko ɗan zarto faɗawa maƙogwaronki. A ganina ta fi girman rami muhimmanci nesa ba kusa ba. Ki tambayi ko yana aiki da madubin ƙara girma, ko da irin na gilashin ido ne, da kuma irin rufin da yake shirin yi bayan an gama da lokacin da za a yi shi. In ya ga saiwoyin sun lanƙwashe sosai ko hanyoyin sun tsuke, ki nemi ya tura ki wajen ƙwararren da aikinsa ke nan; likitan kirki ba ya jin haushin wannan. Hoton CBCT kuwa ba kowane haƙori ke bukatarsa ba, hasken X-ray da yake shigar wa jiki ya fi na ƙaramin hoto yawa, ana yin sa ne idan akwai abin da ya shige duhu.

Game da zafin aikin, da allurar kashe zafi ake yi. Turmin ƙasa mai kumburarriyar jijiya wani lokaci yakan ƙi daina jin zafi da allura ɗaya, don haka ku yi yarjejeniya tun farko cewa in kin ɗaga hannu zai dakata ya ƙara. Kada ki daure kina cije wa. Bayan an gama, haƙorin kan yi tsami na 'yan kwanaki idan an tauna, wannan ba abin damuwa ba ne, zai gaya miki maganin da ya dace da ke; ki sanar da shi in kina da juna biyu, ko gyambon ciki, ko ciwon ƙoda. Kafin ranar, kada ki ɗora ƙwayar magani a kan dasashi, ƙona shi take yi. Ki riƙa tauna ta ɗaya ɓangaren har a sa hular. Ko jijiyar aka bari da rai ko wanke saiwar aka yi, ki koma a sake ɗaukar hoto bayan kamar shekara guda ko da ba kya jin komai, domin warkewar ƙashi a hankali take, kuma a hoto ake ganinta.